Garin da Muka Zana a Kan Daɓe

Alhamis, 17 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Kwananmu uku a zauren wasan ƙanƙara na birni. An jera mana gadajen tafi-da-gidanka a kan simintin da ake daskarar da ruwa a kai da hunturu. Kusan duk mutanen garinmu Pellerin suna nan, da karnukansu da magungunansu da jakunkunan leda. Ranar Litinin wutar daji ta tsallako kogi, aka buga ƙararrawa aka ce kowa ya bar gari cikin rabin awa.

Abin da na kwaso abin kunya ne: kwamfuta, rakoda, da kwali cike da takardun tambayoyina. Hotunan Mama suna kan kabad, na wuce ta gabansu sau biyu.

Shekara biyu ke nan ina bincikena na digiri na uku a kan garinmu, yadda mutane ke rayuwa tun da aka rufe masana'antar katako. Tambaya arba'in da shida na tsara. Na bi gida gida, an ba ni kofi na sha, an tambaye ni yaushe zan yi aure, an cike mini takarda. "Yaya kake ji game da makomar garin?" Amsa: "Ba laifi." Mutum saba'in, kusan duk haka.

Baba bai shigo motar ba. Yau ba zan rubuta wannan ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Babu labari.

Juma'a, 18 ga Agusta, bayan abincin rana

Musu ya kaure a layin kofi tsakanin Misis Boychuk da Lorne. Ita ce ta yi shekara ashirin da takwas tana tuƙa motar makaranta, ni ma ita ta kai ni tun daga aji ɗaya, har yau ba na iya kiranta da sunanta Verna a gabanta. Shi kuwa Lorne mai wasa zarto ne a masana'anta kafin a rufe, mutumin da sai ya yini bai ce uffan ba. Wai a kan inda tsohon gidan burodi yake suke musu.

"Gefen banki yake," in ji Lorne.

"Kai da ba ka taɓa sayen burodi da kuɗinka ba? Matarka ke saye, kai dai ci!" Ta juyo ta hango ni. "Ke Farfesa, miƙo mini ɗaya daga takardun nan naki marasa amfani."

Ta kifa takardar tambayoyina, ta zana Babban Titi a bayanta. Kafin ta gama mutum bakwai sun kewaye ta, kowa na nuni da yatsa. Takarda ta cika, suka jona wata, suka jona wata. Na tsaya riƙe da kwalina ina ji da kunnena mutanen da suka ce mini "ba laifi" suna faɗin wanda ya mutu a wane gida, wadda ta gudu da wa ta wace hanya.

A jami'a an taɓa koya mana yin bincike ta hanyar zane da ɗinki da hoto, a bar mutane su ƙera abu da hannunsu maimakon a yi ta ɗora musu tambaya. Na ci jarrabawar, amma a raina na ɗauke shi wasan yara.

Na je gidan buga jarida na roƙi ragowar naɗin takarda. Mutumin ya ba ni wanda sai da muka ɗauka mu biyu.

Asabar, 19 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Mun matsar da gadaje muka shimfiɗa takardar a tsakiyar zaure, taku goma sha biyar a tsawo, layi uku manne da salatif. Na zube fensira masu launi a cikin bokiti. Awa guda babu wanda ya kusance ta, ana ta zagaye ta kamar kabari.

Sai Misis Boychuk ta tuɓe takalma, ta durƙusa tana nishi tana tsine wa gwiwoyinta, ta ɗauki fensir ruwan ɗorawa. Ba ta zana gida ko ɗaya ba. Layi ta ja, hanyar da motarta ke bi kowace safiya, kuma duk inda take tsayawa sai ta ɗiga ɗigo ta faɗi sunayen yaran da ƙarfi. Yaran da yanzu suke da furfura, suna zaune a kan gadaje suna saurare. Wani ƙato ya amsa daga can baya, "Ina nan, Misis Boychuk!" Aka fashe da dariya. Ta ce, "Yau ne karon farko da ka zo a kan lokaci."

Daga nan takalma suka fara taruwa a gefe.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Na kunna rakoda.

Lahadi, 20 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Babu labari. Ma'aikatan ceto sun ce gada ta ƙone, hayaƙi kuma ya hana jirgi sauka. Na sake ba su kamannin Baba: dogo, shekara sittin da tara, ɗan yatsan hagu guntu.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Ina so in rubuta abin da ke kan takardar nan kafin ya cakuɗe mini.

Ba taswira irin ta hukuma ba ce. Masana'antar da na ɗauka ita ce cibiyar komai, har na ba ta babi uku a kundin bincikena, an zana ta ƙarama kamar akwatin ashana. Amma benci ɗaya da ke gaban gidan waya ya fi coci girma, mutum biyar suka sa masa hannu. Ban taɓa tambayar kowa game da benci ba. Ina zan san in tambaya?

Misis Sandhu, wadda mijinta ya zo daga Punjab ya yi aikin katako har ya rasu, ta zana kicin ɗinta kaɗai, ta ja shuɗin zare daga tagar zuwa gida goma sha ɗaya. Na tambaye ta mene ne. Ta ce, "Inda kwanukana suke, 'yata. Na kai abinci ba a dawo da su ba." Matan da zaren ya je gidajensu suka yi ta rantse-rantse. A takardata ta tambayoyi, wurin "Mutum nawa kike hulɗa da su a mako?" ta rubuta biyu.

Lorne ya fi kowa ba ni mamaki. Ya ɗauki baƙin fensir ya tsaya a kan masana'anta, ya fara jan da'ira, wata a bayan wata, suna faɗaɗa har suka ratsa gidajen mutane. Aka fara gunaguni. Bai kula ba sai da ya kai bakin kogi, ya tsaya.

"Usur ɗin tashi aiki," ya ce. "Nan yake ƙarewa. Wanda ke hayin kogi ba ya ji."

Wata tsohuwa ta ce har yanzu ƙarfe biyar tana ɗora tukunya. Shekara shida ke nan rabon da a busa shi.

Litinin, 21 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na kira Dokta Adair, mai duba aikina a jami'a, ina ta zuba kamar an kunna famfo. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Marit, kin ci abinci yau?" Daga nan ta faɗa mini abin da na riga na sani. Izinin da kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ni na tambayoyi ne a gidajen mutane, suna cikin natsuwarsu. Waɗannan ba su san ko suna da gida ba. Mutum a wannan hali ko me aka miƙa masa zai sa hannu. Ta ce in kashe rakoda. Ta ce, "Kuma ke ma kina cikinsu, kar ki manta."

Na ji haushinta sosai, don gaskiya ta faɗa.

Na hau kan benci na gaya wa jama'a cewa na ɗauki muryoyinsu kwana biyu ba tare da na nemi izini yadda ya kamata ba, zan goge, kuma wannan takarda ba ta cikin bincikena.

Misis Boychuk ko ɗago kai ba ta yi ba. "Da can wa ya ce taki ce? Sauko, kin tare mana haske."

Na goge. Awa tara na magana. Na shiga banɗaki na yi kuka, ban sani ba ko na muryoyin ne.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

A ƙarshen Titin Kogi akwai fili fari, faɗin tafin hannu biyu. Maƙwabta sun zana nasu ta hagu da ta dama, sun bar shi. Wurin gidanmu ne. Lorne ya ajiye koren fensir a kan gadona ya wuce.

Mako guda cif. A bakin ƙofa muka tsaya ni da Baba, injin mota na aiki. Na faɗa masa abin da na faɗa. Ina da shekara talatin da huɗu, na san yadda ake zaɓen kalmar da za ta yi ciwo.

Babu labari.

Talata, 22 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Yana da rai. Yana da rai. Yana da rai.

Laraba, 23 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

'Yan kwana-kwana ne suka same shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na makarantar firamare, da karnuka huɗu waɗanda ba nasa ba. Da katafilarsa ya yi ta yanka fili a bayan makaranta don tare wuta har man ya ƙare. Da wuta ta iso ya shiga kogi ya tsaya ruwa iya wuya. Bayan ta wuce ya yi kwanaki yana yawo a gari shi kaɗai. Iyakar abin da suka sani ke nan.

Yana babban asibiti, tafiyar minti ashirin daga zaure. Hayaƙi ya ƙona masa maƙogwaro, likita ya hana shi magana na mako biyu aƙalla. Girarsa babu. Ya rame har agogonsa na zamewa.

Na shirya maganganu a mota. Da na shiga na ce, "Sannu, Baba." Ya ɗaga hannu. Muka zauna muna kallon talabijin ɗin da ba a kunna ba. Don kar shirun ya kashe ni sai na hau ba shi labarin takardar, da zaren kwanuka, da usur ɗin Lorne. Ina cikin magana ya jawo allon da nas ta ba shi ya rubuta da manyan baƙaƙe:

KAWO TA. NA GA KOWANE GIDA.

Alhamis, 24 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Hukuma ta ce sai nan da kwana goma za a iya shiga a tantance abin da ya ƙone. Don haka duk wanda ke zauren nan kullum yana kwana da gida biyu a ransa, tsayayye da toka.

Na faɗa musu saƙon Baba bayan karin kumallo. Hayaniya ta tashi. Wasu suna cewa a kai yanzu yanzu, wasu suna cewa ba su shirya ba. Wani ya ce Arvid, wato Baba, ya shaƙi hayaƙi, ƙila ya ruɗe. Misis Boychuk ta ce, "Arvid Lindgren ya san yawan ƙusoshin da ke rufin ɗakinka, shi ya buga su. Zauna."

Na fara tunanin irin takardar amincewar da zan tsara, mai gurbin sa hannu da kwanan wata. Kafin in buɗe baki Misis Sandhu ta tashi, ta yagi murfin kwalin shayi, ta je ta rufe kicin ɗinta da shi ta manne da salatif.

"Ni ba yanzu ba," ta ce. "Wanda ke so ya sani ya bar nasa a buɗe."

Shi ke nan. Babu wanda ya ƙara musu. Gida ashirin da uku aka rufe, da murfin kwali, da ambulan, wani da katin wasa. Na yi zangon karatu guda ina rubutu a kan yadda ake neman yardar mutane a bincike. Ita ta gama da shi kafin shayinta ya huce.

Mun yanka takardar kashi shida a kan tituna, Lorne ne ya riƙe almakashi.

Juma'a, 25 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Nas ɗin ta ce abin da muke yi ya saɓa ƙa'ida, sannan ta kawo mana teburi na biyu.

Na sayo masa jan fensir, ina zaton zai yi ta soke gidajen da suka ƙone. Ya dube shi, ya dube ni, ya ture shi gefe. Ya ɗauki fensir na gama-gari irin na kafintoci.

Gidan da ke tsaye sai ya ɗan ja layi a ƙarƙashinsa. Wanda ya ƙone ba ya taɓa zanen mai shi ko kaɗan. A gefe yake zana abin da ya gani ya rage. Bututun hayaƙi. Bahon wanka a tsakiyar fili. Lilon yara da sarƙa ɗaya. Matakala uku da ba sa kaiwa ko'ina. A gidan wasu mutane ya zana layin shanya da wando guda a rataye, ya rubuta a ƙasa: BAI KO YI BAƘI BA.

Ban taɓa sanin Baba ya iya zane ba. Shekara talatin da huɗu. Hannunsa ba ya shakka, sai ka ce katako yake aunawa. In ya zo kan gidan da aka rufe sai ya ɗaga fensirin sama ya tsallake, ko gefen kwalin ba ya gogawa. Wani lokaci yakan rufe ido ya daɗe, leɓensa na motsi, ina jin yana sake bin titin ne da ƙafa.

Kashi biyu muka gama, tari ya taso masa, nas ta kore ni.

Asabar, 26 ga Agusta, tsakar rana

Kashi biyu kuma. A zaure babu mai tambayata. Suna kallon fuskata, ni kuma ina kallon ƙasa. Mun yi alkawari ba za a buɗe ba sai an gama duka.

Lahadi, 27 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Titin Kogi ne na ƙarshe. Da ya iso farin filin ya tsaya. Ya miƙo mini fensir. Na girgiza kai. Ya ci gaba da miƙo shi har na karɓa don kar ya gaji.

Na zana gidanmu yadda ɗan aji biyu zai zana, murabba'i da hula. Taga ta karkace. Ya karɓa ya dube shi, kafaɗunsa suka fara girgiza, na tsorata na zaci tari ne, ashe dariya yake yi ba murya. Ya rubuta a allo: WANNAN NE DIGIRIN?

Sannan ya zana a gefe. Tukunyar ƙarfen Mama, da tubalan harsashin ginin. Ke nan.

Na ce, "Baba, abin da na faɗa ranar nan..." Ya ɗora tafinsa a kan bakina, yana warin maganin asibiti. Ya bar shi a wurin har na daina ƙoƙari.

Litinin, 28 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Dokta Adair ta kira. Ta ce idan komai ya lafa, kuma mutanen suka ga dama, za mu iya komawa gaban kwamiti da sabon tsari, su ne masu aikin, ni mai riƙe musu fensir. Ƙila ya ƙara mini shekara biyu. Ƙila su ce a'a. Na ce mata na ji. Abin mamaki, ban ji komai ya faɗi a cikina ba.

Talata, 29 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Da safe muka sake haɗa takardar a kan daɓe. Aka tsaya a kewaye ba takalma, babu mai son ya fara. Sai aka shiga a hankali, iyali iyali, kowa ya bi titinsa da ƙafa kamar da gaske gida za shi.

Na zaci za a yi kururuwa. Abin da na ji bai fi sautin coci kafin a fara addu'a ba. Wani ya ga layi a ƙarƙashin gidansa, ya duba na maƙwabcinsa ya ga baho, sai ya haɗiye murnarsa ya je ya dafa shi. Mai wandon nan ya durƙusa yana ta cewa, "Wandon aikina ne, wandon aikina ne." Benci na gidan waya yana nan. Makaranta tana nan da duk layin bayanta, gida goma sha tara, inda katafila ta bi. Gidan Lorne ya ƙone. Ya daɗe yana kallon injin wasa zarton da Baba ya zana masa, sannan ya ce, "Dutsen washin zai yi aiki." Misis Sandhu ta zauna kusa da murfin kwalinta ta ɗora hannu a kai, ba ta ɗaga ba, babu kuma wanda ya ce ta ɗaga.

Misis Boychuk ce ta ƙarshe. Ta tsaya a bakin takarda tana gyara wa mutane tsayuwa har ba sauran wanda za ta gyara wa. Sannan ta taka zuwa kwanar titinsu, na bi ta a baya.

Babu layi a ƙarƙashin gidanta. A gefe Baba ya zana wata bishiyar tuffa, karkatacciya, da 'ya'ya a jiki. Ita ba ta sa bishiya a nata zanen ba.

Ta sunkuya, ta cire tabarau, ta mayar.

"Ja'irar bishiya!" ta ce, muryarta ta cika zauren. "Shekara talatin ina neman kashe ta! Na sare ta sau biyu, na zuba mata gishiri, na zuba mata baƙin mai. Tuffarta ko alade ba ya ci. Gidana ya ƙone ƙurmus, ita tana tsaye?"

Wani ya tuntsire da dariya, sai kowa ya ɗauka, har masu hawaye a fuska. Ita ma ta yi ta dariya har ta zauna daɓas a kan titinsu, ta kama hannuna ta matse shi da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Dariyar ta juye ta zama wani abu, ba ta sake ni ba. Mun daɗe a haka.

Da ta samu numfashi ta share fuska da gefen riga ta ce, "Ke Marit, gobe in kin je ki tambayi ubanki, 'ya'yan bishiyar nan sun nuna ko da saura?"